Fasa-ƙwaurin buƙatu: idan saba biyu suka saɓa kan inda saƙo ya ƙare

A ina saƙo yake ƙarewa? Wanda bai san cikin intanet ba zai ce wannan ai tambayar yara ce. Amma tun 2005 manyan kamfanonin fasaha ke shan wuya a kanta, kuma har yau tsugune ba ta ƙare ba. Duk lokacin da na'urori biyu masu aiki tare suka ba ta amsa iri biyu, to bango ya tsage, kuma ta wannan tsagar ce ake shigo da abin da masana tsaron intanet ke kira fasa-ƙwaurin buƙatu.

Sai mun fara sanin hanyar da buƙata take bi. Idan ka taɓa wani shafi a burauzarka, na'urarka tana aika buƙata da yaren da ake kira HTTP, tana cewa a ba ni kaza. Yawancinmu muna ɗauka buƙatar kai tsaye take zuwa wurin saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin. A manyan shafuka ba haka abin yake ba. Akwai wata saba da ke tsaye a bakin ƙofa, ita ake kira furoksi, wato mai shiga tsakani. Ita ke karɓar baƙi, ta raba lodi tsakanin sabobin da ke ciki, ta ajiye kwafin hotuna da shafukan da ake yawan nema don kada a riƙa wahalar da na ciki, ta kuma tace wanda za a bari ya wuce da wanda za a kora. HAProxy da nginx da Squid da Apache Traffic Server da Envoy duk wannan aikin ake sa su, haka ma kamfanoni irin su Cloudflare da Akamai. Bari mu kira ta bakin ƙofar sabar gaba, ta ciki kuma sabar baya.

Buɗe sabuwar hanyar haɗi tsakanin saba biyu yana cin lokaci, domin sai an yi gaisuwa da musayar makullai kafin a fara magana. Saboda haka sabar gaba ba ta buɗe wa kowane baƙo tasa hanyar zuwa baya. Takan buɗe 'yan hanyoyi ta bar su a buɗe, ta riƙa zuba buƙatun mutane daban-daban a ciki, wannan na bin wannan, kamar ruwa a bututu. Buƙatarka, da tawa, da ta mai kutse, duk bututu ɗaya za su iya bi. Riƙe wannan da kyau, don a nan maganar duka take.

A HTTP/1.1, saƙo rubutu ne zalla. Harafi na bin harafi, babu shinge, babu ambulan. Sabar baya tana ganin dogon jerin haruffa ne kawai yana kwararowa, ita za ta gane da kanta cewa nan buƙatar wane ta ƙare, nan ta wance ta fara. Kuma an ba ta hanyoyi biyu na ganewa. Ta farko saɗara ce a kan saƙon mai suna Content-Length, wadda ke cewa jikin saƙon nan bayit kaza ne, ƙirga ka tsaya (bayit ɗaya kusan harafi ɗaya ne). Ta biyu kuma Transfer-Encoding: chunked, wadda ke cewa zan aiko da jikin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da girmanta a gabanta, in ka ga gunduwa mai girman sifili to na gama. Hanya ta biyun tana da dalilinta na gaskiya: wani lokaci mai aikawa yakan fara aiko da saƙo tun bai san iya tsawonsa ba.

To yaya ke nan idan saƙo ɗaya ya zo da duka biyun, kuma kowacce tana faɗin abu daban? Dubi wannan:

POST / HTTP/1.1
Host: misali.example
Content-Length: 6
Transfer-Encoding: chunked

0

Z

A ce sabar gaba da Content-Length take aiki. Za ta ƙirga: sifili bayit ɗaya, ƙarshen saɗararsa bayit biyu da ido ba ya gani, saɗarar da babu komai wasu biyun, sai Z ɗaya. Shida cif. A wurinta wannan buƙata ɗaya ce cikakkiya, ba ta da aibu, sai ta tura ta ciki. Sabar baya kuwa da gunduwa take aiki. Tana ganin sifili sai ta ce an gama, ta ba da amsa. Harafin Z ya rage a bututu, ba mai shi, yana jira. Can sai wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba ya aiko da tasa buƙatar mai farawa da GET, kalmar da ake neman shafi da ita. Sabar baya ta haɗa ta da ragowar da ke jira, ta karanta ZGET, ta ce ba ta san wannan kalma ba, ta mayar masa da kuskure.

Harafi ɗaya ke nan. Yanzu ka cire Z ka sa rabin wata buƙata da mai kutse ya tsara da gangan. Duk wanda ya biyo baya, buƙatarsa za ta zama wutsiyar ta mai kutsen.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a wannan lamari shi ne, in ka ɗauki kowace saba ita kaɗai ka gwada ta, mai yiwuwa ba za ka ga laifinta ba. Ta gaba ta yi aikinta yadda ta fahimta, ta baya ma haka. Ramin ba ya cikin ɗaya daga cikinsu, yana tsakaninsu ne. Shi ya sa kamfani zai iya biyan kuɗi a binciki kowace manhajarsa ɗaya bayan ɗaya, a ba shi takardar lafiya, alhali ƙofa na nan a hangame.

Ba wai waɗanda suka rubuta ƙa'idar ba su hango ba. Kundin ƙa'idar HTTP mai lamba RFC 2616 na 1999 ya ce idan saɗarorin biyu suka zo tare, dole a yi watsi da Content-Length. Na 2014, RFC 7230, ya ƙara da cewa irin wannan saƙo na iya zama yunƙurin fasa-ƙwauri, ya kamata a ɗauke shi a matsayin kuskure. Na 2022, RFC 9112, ya ƙara tsaurarawa: ko ka ƙi saƙon ko ka karɓa, dole ka rufe hanyar haɗin bayan ka ba da amsa. Sai mutum ya ce to ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin mai kutse ba ya buƙatar saba ta karya doka da gangan. Abin da yake nema kawai ya rubuta saɗarar Transfer-Encoding ta yadda ɗaya za ta gane ta, ɗayar kuma ta kasa. Ya bar ɗan fili kafin ɗigo biyu. Ya sa alamar tsallake, wato tab, maimakon fili. Ya maimaita saɗarar sau biyu da ƙima daban. Ya liƙa wani baƙon harafi a gaban kalmar. Saba mai sassauci za ta ce na gane abin da kake nufi, mai tsauri kuma ta ce ban san wannan saɗara ba, ta wuce ta koma wa Content-Length. Shi ke nan, saɓani ya samu.

Wannan sassauci yana da asali. Jon Postel, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa harsashin intanet, ya sa wata ƙa'ida a kundin TCP, tsarin isar da bayanai tsakanin na'urori, a farkon shekarun 1980, wadda ma'anarta ita ce ka tsaurara wa kanka a abin da kake aikawa, ka sassauta a abin da kake karɓa daga wasu. A zamaninta shawara ce mai kyau. Ita ta sa na'urorin kamfanoni da jami'o'i daban-daban suka iya fahimtar juna duk da kurakuransu. Amma a ganina, a wurin gane iyakar saƙo, wannan kirkin ya zama illa. Sassauci yana nufin ka yi hasashen nufin mai magana, kuma masu hasashe biyu ba dole ne su faɗa wuri ɗaya ba. Ita kanta hukumar IAB mai sa ido kan tsarin intanet ta dawo ta sake duba ƙa'idar a RFC 9413 na 2023, inda aka nuna yadda yawan haƙuri da kuskure ke lalata tsari a hankali.

Me mai kutse ke samu? Mafi sauƙi shi ne tsallake mai gadi. Kamfanoni da yawa a sabar gaba suke sa dokar cewa ba mai shiga shafin masu gudanarwa sai daga cikin gida. Buƙatar da aka ɓoye a jikin wata kuwa sabar gaba ba ta taɓa ganin ta a matsayin buƙata ba, kaya ne kawai a wurinta, don haka ba ta bincike ta ba. Ita kuma ta baya ta amince da duk abin da ya fito daga bututun, tunda ta san akwai mai gadi a waje.

Wanda ya fi wannan muni shi ne satar buƙatar wani. A ce shafin yana da wurin da mutum ke rubuta wani abu a ajiye masa, ya dawo ya karanta daga baya. Mai kutse zai ɓoye buƙatar ajiye rubutu, ya ce tsawonta ya fi abin da ya aiko, ya bar ta a buɗe. Sabar baya tana jiran cikon. Buƙatar mutum na gaba ita ce cikon, da kukis ɗinsa, wato 'yan bayanan da shafi ke gane shi da su, da shaidar shigarsa duka, sai a ajiye su a matsayin rubutun mai kutsen. Ya dawo ya karanta, ya shiga asusun mutumin ba tare da ya san kalmar sirrinsa ba.

Akwai kuma rikita jerin amsoshi. Sabar gaba ta aika buƙata ɗaya a lissafinta, ta baya ta ga biyu, ta dawo da amsa biyu. Daga nan lissafi ya goce: kowa sai ya riƙa karɓar amsar wanda ya gabace shi. Idan kuma sabar gaba tana ajiye kwafi, za ta iya ajiye muguwar amsa a ƙarƙashin sunan wani fayil na gaskiya, ta yi ta raba wa duk wanda ya nema har lokacin kwafin ya ƙare.

A duk waɗannan, wanda aka cuta bai yi kuskuren komai ba. Bai taɓa wani mugun adireshi ba, bai sauke komai ba, kalmar sirrinsa mai ƙarfi ce, ɗan kwaɗon nan na HTTPS yana nan a burauzarsa. Kwaɗon ba ya taimako a nan, domin a sabar gaba ake kwance rufin saƙon, ɓarnar kuma bayan nan take faruwa. Wannan ne ya sa nake ganin nauyin gaba ɗaya yana wuyan masu gina shafuka da masu rubuta manhajojin furoksi. Babu wata shawarar kiyaye kai da za a ba mai amfani da shafi ta fisshe shi.

A 2005 ne wasu masu bincike huɗu na kamfanin Watchfire, Chaim Linhart da Amit Klein da Ronen Heled da Steve Orrin, suka fitar da takardar da ta raɗa wa harin suna. An yi gyare-gyare, maganar ta lafa, aka kusan mantawa da ita har shekara 14. A watan Agusta na 2019 James Kettle na kamfanin PortSwigger da ke Ingila ya tashe ta a tarukan Black Hat da DEF CON a Las Vegas. Ya nuna cewa ramin bai rufu ba, ƙaruwa ma ya yi, saboda yanzu kusan kowane babban shafi yana da sabobi jere a gabansa. Cikin abin da ya nuna har da yadda za a gurɓata wani fayil ɗin JavaScript da shafin shiga na PayPal ke amfani da shi. Ya sanar da kamfanin, aka gyara.

Mutane suka ce to HTTP/2 zai raba gardama. Kuma a ƙa'ida gaskiya ne. HTTP/2, wanda aka fitar a 2015, ba rubutu zalla ba ne. Yana yanka saƙo cikin ƙananan ƙunshi, kowanne da tsawonsa rubuce a wuri ɗaya tabbatacce, babu hanya ta biyu balle a saɓa. Sai dai yadda aka yi amfani da shi ya zama an gudu ba a tsira ba. Sabar gaba takan yi magana da burauza da HTTP/2, amma idan ta juya baya sai ta fassara saƙon zuwa HTTP/1.1, domin shi sabobin ciki suka iya. Mai kutse sai ya sa Content-Length na ƙarya a cikin buƙatarsa ta HTTP/2. Sabar gaba ba ta kula da shi ba tunda ba ta buƙatarsa, amma ta kwafe shi cikin fassarar, ita kuma ta baya ta gaskata shi. A 2021 Kettle ya nuna wannan a kan Netflix, inda matsalar ta samo asali daga manhajar Netty, aka ba shi ladan dala 20,000. A wannan binciken ne kuma gwajinsa a kan Jira, manhajar kamfanin Atlassian, ya rikita jerin amsoshi har mutane suka riƙa samun amsoshin wasu, abin da ya sa Atlassian ta soke zaman dukkan masu amfani, kowa ya sake shiga.

Labarin da na fi so a ba masu koyon rubuta manhaja shi ne na HAProxy, mai lamba CVE-2021-40346 a rajistar ramukan tsaro, wanda masu binciken JFrog suka gano a 2021. HAProxy manhaja ce da aka sani da tsauri da inganci, ba ta cikin masu sakaci. Amma a can cikinta, wurin da take ajiye tsawon sunan kowace saɗarar kai bit 8 ne kacal, wato ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 255. Ba a sa binciken abin da zai faru idan suna ya fi haka tsawo ba. Sai a aiko da saɗara mai suna mai haruffa 270, wanda ya fara da Content-Length, sai sifili, sai tarkacen haruffa. A karatun farko HAProxy na ganin wani dogon suna ne da ba ta sani ba, ta wuce, ta ɗauki tsawon jikin saƙo daga saɗarar gaskiya da ke ƙasa. Amma da aka zo ajiyewa, 270 ba ta shiga ma'ajin ba. Ta cika ta zube, abin da ya rage 14, wato 270 a cire 256. Haruffan kalmar Content-Length kuwa 14 ne daidai. Ɗigon da ya zube ya faɗa ma'ajin da ke maƙwabtaka, na tsawon ƙima, ya mai da shi 1, sai ƙimar ta zama sifilin nan. Da HAProxy ta zo tura saƙon baya, sai ta rubuta cewa tsawon jikinsa sifili ne, ta kuma bi shi da jikin duka. Sabar baya ta ɗauki jikin a matsayin sabuwar buƙata, wadda dokokin tacewar HAProxy ba su taɓa gani ba. A nan ba ma saba biyu ne suka fara saɓawa ba. Manhaja ɗaya ce ta saɓa da kanta tsakanin shigowa da fita.

Sauran sai dai a ambata a gurguje, don suna da yawa. A Fabrairun 2022 aka bayyana CVE-2022-22536 a manhajojin SAP, aka ba shi maki 10 cikin 10 a ma'aunin haɗari, daga baya CISA, hukumar tsaron intanet ta Amurka, ta sa shi a jerin ramukan da aka tabbatar ana kai hari ta cikinsu. A Maris 2023 Apache ta toshe CVE-2023-25690 a fitowa ta 2.4.56, inda wasu dokokin sake rubuta adireshi tare da mod_proxy, ɓangarenta na furoksi, ke barin a cusa buƙata ta biyu. A shekarar dai aka samu Squid da sassauci wajen karanta gunduwa. A 2025 kuma Cloudflare ta sanar da rami a Pingora, furoksin da ta rubuta da yaren Rust: idan ta samu abin da ake nema a ma'ajiyar kwafi, takan ba da amsa ba tare da ta kwashe jikin buƙatar daga bututu ba, sai ragowar ta zama farkon buƙata ta gaba. Na kawo wannan ne don masu zaton sabon yaren rubuta manhaja zai magance komai. Rust yana kare ka daga kurakuran ma'ajiyar ƙwaƙwalwa. Ba ya gaya maka inda saƙo ya ƙare.

Ka lura kuma cewa a misalin Pingora babu wata dabarar saɗarori biyu. Saba ce kawai ba ta zaci buƙatar na da jiki ba. Wannan ya nuna iyakar katangar tsaro mai neman alamomin harin da aka riga aka sani. Tana kama tsofaffin salo, kuma hakan ba laifi, amma ita ma wata mai karatu ce ta uku da aka ƙara a jeri, da nata fahimtar. Takan ma ɓoye ciwon ne: gwajin da aka saba yi ya daina nuna komai, mai shafi ya saki jiki, ramin kuwa yana nan yana jiran wanda zai canza salo. Saboda haka ne Kettle a 2025 ya fito fili ya ce faci a kan faci ba zai kai ko'ina ba, sai an daina amfani da HTTP/1.1 tsakanin sabar gaba da ta baya. Na yarda da shi a tushen magana, ko da yake na san faɗa ya fi aikatawa sauƙi. Akwai tsofaffin manhajojin ciki da ba wanda ke da ƙarfin halin taɓa su, kuma nginx kanta ta shafe shekaru ba ta tura buƙatun shafuka na yau da kullum zuwa baya da HTTP/2.

Wanda zai iya, ya sa HTTP/2 tun daga ƙofa har ƙurya, ba fassara a tsakiya. Wanda ba zai iya ba tukuna, to ya cire kunya ya sa sabar gabansa ta zama mai tsauri: duk saƙon da ke da ruɗani a tsawonsa a ƙi shi, kada a yi masa gyaran fuska a wuce da shi. Sabar baya ma idan ta ga saƙon da bai yi mata daidai ba, kada ta tsaya ga mayar da kuskure, ta rufe bututun gaba ɗaya, domin ragowar da ke ciki ita ce dafin. Masu amfani da mai raba lodi na Amazon suna da zaɓin matakin tsauri da aka tanada musamman don wannan hari, kuma ya cancanci a duba a wane mataki yake. A wuraren da suka fi haɗari, kamar shafin shiga, ana iya hana haɗa mutane a bututu ɗaya, a jure ɗan jinkirin da hakan zai jawo. Sannan kada sabar baya ta dogara da cewa akwai mai gadi: ta binciki izinin kowace buƙata da kanta. Gwaji kuwa a yi shi a kan jerin sabobin duka a haɗe, yadda suke aiki a zahiri, kuma da izinin mai shafi, domin gwajin wannan hari a shafi mai rai yana iya taɓa mutanen gaske, kamar yadda ya faru a Jira.

Akwai wani ɗan aiki da mai kula da saba zai iya yi yau ba tare da ya sayi komai ba. Ya ɗauko rajistar sabar gaba da ta sabar baya ta awa ɗaya, ya ƙirga buƙatun da kowacce ta rubuta, bayan ya cire waɗanda aka amsa daga ma'ajiyar kwafi da waɗanda aka kora tun a ƙofa. Idan ta baya ta ga buƙatun da ta gaba ba ta san da su ba, akwai magana. Ya kuma nemi kurakurai masu lamba 400 da 405 da suka faɗa kan mutanen da buƙatunsu lafiya lau suka bar burauza, musamman inda rajistar baya ta nuna kalmar farko da baƙon harafi manne a gabanta, irin ZGET ɗin nan.